Igiya a Ƙofar Dallae

A tsibirinmu, in ka ga mutum ya sauko daga jirgin fito da akwatin ƙanƙara a hannu, to kifi ya zo saye. Gwak Hyeran ce kaɗai ke zuwa da irin wannan akwatin ta koma da abin da ko kyauta ba mai karɓa: kashin kwikwiyo da ruwan da ke zuba wajen haihuwa. Likitar dabbobi ce a wata jami'a a birnin Gwangju, ta kusa arba'in, amma har yau ba a gaji da yi mata tsiya a bakin gaɓa ba.

Ranar da ta iso, iska ta fara kaɗawa tun da hantsi. Heo Chilseong, maƙwabcin babanta mai kiwon kifi a tankuna, yana ƙara wa kwale-kwalensa igiya ya hango ta.

"A'a, likitar karnuka! Kin taki sa'a, wannan ne jirgin ƙarshe. Sun ce sai iska ta faɗi."

"Ina wuni, Kawu. Yaya kifi?"

"Suna nan suna cinye ni da raina. Ke fa? Har yanzu aikin ke nan, leƙen ƙarƙashin wutsiyar karya?"

"Har ƙarin girma aka yi min a kai."

"Ki dai samo mana miji, ko mai ƙafa huɗu ne, mu sha biki."

Ta yi dariya ta wuce, don wanda ya tsaya mayar wa Chilseong magana a nan zai kwana.

Aikin nata ba mai wuyar faɗa ba ne, mutanenmu ne ba sa tsayawa su ji. Tun da can masana sun ɗauka cewa mahaifa wuri ne tas, babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya, sai ɗa ya fito duniya yake haɗuwa da su. Hyeran da abokan aikinta kuwa sun yi ta samun ɓurɓushinsu a ruwan mahaifa, da jikin mabiyiya, da kashin farko na 'yan kwikwiyo, alhali uwa lafiya lau, 'ya'ya lafiya lau. Ba su da yawa, har ma ana ta gardama ko can ciki suke zaune, ko kuwa daga hannun masu ɗiba suka shiga. Wannan gardamar ce ta cinye mata ƙuruciya, kuma tana sonta kamar me.

Dallae, farar karyar gidansu, ita ce ta kawo ta gida. Karyar mahaifiyarta ce. Marigayiyar ce ta ɗauko ta tana 'yar mitsitsiya a cikin kwandon ganyen teku, kuma tun da ta rasu baban Hyeran, Tsoho Gwak, ba ya magana da kowa a gidan nan sai Dallae. Karyar ta manyanta, wannan cikin shi ne na ƙarshe, kowa ya san haka. Duk 'ya'yan da ta haifa a baya an rabar, marigayiyar ba ta iya hana mai roƙo. Yanzu tsohon yana son mace ɗaya, ɗaya tak, wadda za ta zauna a gidan idan Dallae ta bi uwargijiyarta. Bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba, amma tun rani ya sake wa rumfar karyar rufi, ya kuma faɗaɗa ta.

A bikin girbi Hyeran ta zo da 'yar na'urar hoton ciki mai kamar wayar hannu, ta duba ta ga 'ya'ya biyar, zuciyoyinsu na bugawa kamar ana gasa. Ta goga auduga a hanyar haihuwa ta tafi da ita birni. Bayan kwana kaɗan baban ya kira, abin da ba ya yi, ya tambayi me aka gani. Tana tsaye tana cin taliya a bakin tebur ta ce masa da murna, "An samu bakteriya, Baba, iri-iri ma. Amma ba komai ba ne, lafiyayyu duk suna da su." Ya ce to. Ta ajiye waya ta ci gaba da cin taliyarta.

Abin da ya fara faɗar mata da gaba yau shi ne shirun gidan. Dallae takan gane tafiyarta tun daga gonar albasa, ta tarye ta a hanya komai nauyin ciki. Yau ta tura ƙofa har ta ajiye akwati ba motsi.

"Baba! Ina Dallae?"

Ya fito daga madafa yana goge hannu a wando. Ya rame fiye da yadda ta bar shi.

"Tana kwance. Kwana biyu ba ta son abinci. Nauyi ne, ai ta kusa."

Hyeran ta durƙusa ta leƙa rumfar. Karyar ta ɗaga kai, ta buga wutsiya sau ɗaya a kan tabarma, ta mayar da kan. Ga amai ya bushe a gefe. Hyeran ta ɗaga mata leɓe ta ga dasashin ya yi rawaya, ta buɗe ido ta ga farin ma haka. Ta ciro na'urar hoton ciki ta kunna. Ta shafa mai a cikin, ta bi shi a hankali daga haƙarƙari zuwa mara. Na farko babu motsi. Na biyu babu. Sauran ukun zuciyoyinsu na bugawa, amma a gajiye, kamar tsoho na hawan tudu.

"Yaya?" in ji baban daga bayanta.

"Dole a yi mata aiki a ciro su. Yau ɗin nan."

"To yi mana. Ba aikinki ba ne?"

Aikinta ne kuwa, ta yi shi ya fi a ƙirga. Amma can akwai tebur da fitila da maganin sa barci da mutum uku suna jiran kowane kwikwiyo da tawul. A nan abin da ta zo da shi kwalabe ne da auduga da safar hannu, kayan ɗibar ruwa, ba kayan ceton rai ba. Kuma karyar da hantarta ta kai wannan hali, ko a can ma sai an yi da gaske take tashi daga tebur.

Ta fita tsakar gida ta hau kiran waya. Ofishin jirgin fito suka ce ba fita, ba su san ranar ba. Masu jirgin gaggawa suka saurare ta da ladabi har ta gama, sannan mutumin ya tambaya, mai cikin shekarunta nawa? Da ta faɗa masa karya ce, ya ba ta haƙuri. Ba ta ga laifinsa ba, ita ma da ita ce a kujerarsa abin da za ta faɗa ke nan. Ta gangara gaɓa da gudu wajen Chilseong. Ya nuna mata teku da haɓa. Ruwan ya yi fari fat, yana dukan katangar gaɓa yana watsowa har kan hanya.

"'Yata, in na fita da ke a wannan, gobe ƙasusuwanmu za a tsinta, mu da karyar."

Ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta ba ta ledar ƙarin ruwa biyu da allura, ta ce kada ta gaya wa kowa. Iyakar abin da tsibirin nan gaba ɗaya ya iya yi wa Dallae ke nan. Hyeran ta rataye ledar a ƙusa a jikin rumfar, kusa da wata sabuwar igiyar karan shinkafa da ta gani a naɗe, ta zauna a ƙasa tana kallon ruwan na ɗiga. Tana ta juya abin a ranta. Karyar da ta bari garau, me ya ci mata hanta haka? Gubar ɓera? Ruɓaɓɓen kifi a gaɓa?

Amsar da ƙafarta ta zo, a cikin kwano. Wajen la'asar baban ya fito da romon busasshen kifi da ganyen teku, irin wanda ake dafa wa mai jego, mutum ce ko dabba. Romon nan kowa ya san shi fari ne kamar madara. Wannan kuwa rawaya ne, kuma wani ɗaci-ɗaci na tashi daga cikinsa. Ya tsuguna da cokali, ya sa yatsa zai buɗe bakin karyar, da ganin hannunsa ya saba.

"Baba, me ke cikin romon nan?"

"Magani."

"Wane magani?"

"Na Chilseong, wanda yake ba kifi." Ya faɗa ba tare da ya ɗago ba, har da 'yar alfahari a muryarsa. "Ba ke kika ce an samu ba? Washegari na je wajensa. Shi ma in aka auna ruwan tankinsa aka ce akwai, ba ya kwana sai ya zuba. Mun ɗora ta a sikelin kifi, ya lissafa daidai nauyinta, ya ƙara na 'ya'ya biyar. Sannan ya ninka, haka suke yi."

Haka suke yi kuwa. Mai kiwon kifi yana ninka magani ne don rabi a ruwa yake narkewa kafin kifi ya haɗiya. Dallae ba a ruwa take ba. Duk abin da aka auna, cokali-cokali ya shiga cikinta, safe da yamma, tun bayan bikin girbi, daga hannun mutumin da in ya ba ta dutse ma za ta haɗiye.

Hyeran ta dubi kwanon. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Amma ai na ce maka ba komai ba ne."

Sai a lokacin ya dube ta. Babu faɗa a idonsa, da ma akwai da ya fi mata sauƙi.

"Na ji. Wancan karon ma haka kika ce."

Duk tsibirin nan ba wanda bai san wancan karon ba. A ƙarshen wani rani ɓawon kawa, irin katantanwar teku, ya yanki Maman Hyeran a ƙafa tana aiki a cikin laka, yanka ɗan ƙarami wanda mata ke samu kullum. Da yamma zazzaɓi ya rufe ta. Tsohon ya kira 'yarsa, tun da ita ce mai ilimin gidan, ta ce ba komai, ta sha maganin zazzaɓi ta kwanta. Kafin gari ya waye ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Da aka kai ta asibiti a babban gari, likita ya ce bakteriyar teku ce ta shiga jini, da an fara magani da wuri da wataƙila. Wannan wataƙilar ita ce tsohon ya dawo da ita gida a madadin matarsa. Shi da 'yar ba su taɓa tayar da maganar ba sai yau.

"Wannan karon ban tsaya jira ba," in ji shi. Ya dubi ledar da ke rataye, ya dubi karyar. "Amma kamar dai na makara, ko? Sun riga sun yi ƙarfi?"

Ga gaskiya a bakinta, ga tsoho a tsugune da cokali. Ta kasa. Tsoro ne ya hana ta, ba tausayi kaɗai ba, don ta san wanda ya faɗi wannan magana shi zai tsaya ya kalli abin da za ta yi masa. Ta miƙa hannu ta karɓi kwanon.

"Kada a ba ta komai ta baki yanzu, amai za ta yi. Ruwan nan ya ishe ta."

Ta kai kwanon bayan gida ta kifar a gindin kanya, ta tsaya nan iska na dukanta, ta yi kuka mai isarta ba tare da ya ji ba.

Washegari iska ta ƙaru. Da sassafe ta sake dubawa, zuciya biyu ta gani, ta nemi ta ukun har ta gaji. Ta kira wani malaminta a Gwangju, ya saurara, ya yi tambayoyin da ita ma ta riga ta yi wa kanta, daga ƙarshe ya ce ta ci gaba da ƙarin ruwa ta jira. Ilimin shekara ashirin nasu su biyu, ga inda ya tsaya. Ba abin da ya fi ci mata rai kamar yadda take ganin komai ƙarara a fuskar 'yar na'urar nan, tana iya nuna wanda ke mutuwa da yatsa, amma tsakaninta da shi fatar ciki ce kawai kuma ba ta isa ta ratsa ba.

Chilseong ya leƙo da hantsi, hula a hannu, ya kawo dafaffen dankali.

"Yaya mai jikin, Yaya?"

"Ga ta nan," in ji tsohon.

"Kai, waɗannan ƙwayoyi ba su da mutunci. Bara haka suka share min tanki guda, duk maganin da na zuba. Ko a ƙara mata ne? Akwai saura rabin buhu."

"Kawu," in ji Hyeran, "ka je gida."

"Ni dai taimako..."

"Na sani. Ka je gida, don girman iyayenka."

Ya dubi fuskarta, ya ajiye dankalin a bakin baranda, ya fita bai ƙara tsiya ba. A iya sanina wannan ne karo na farko da wani ya rufe bakin Chilseong.

Naƙuda ta taso wajen tsakar rana. Abin da ya fara zubowa wani ruwa ne kore mai duhu, kuma Hyeran ta san ma'anarsa: mabiyiya ta saki. Dallae ba ta da ƙarfin nishi, sai ta yunƙura ta huta, ta yunƙura ta huta, tana kallon tsohon. Shi kuwa ya durƙusa a wajen kanta yana shafa kunnenta yana cewa, "Yauwa, 'yar gidan, yauwa," da irin muryar da Hyeran ba ta taɓa jin ya yi wa mutum magana da ita ba.

Na farko ya fito a sanyaye, fatarsa har ta fara saɓulewa. Na biyu haka. Dallae ta lashe su duk da haka, tana tura su da hanci. Tsohon ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan tsohuwar rigar matarsa. Na uku cikakke ne, fari sol, namiji, da ganinsa jiya-jiya yana da rai. Na huɗu ya fito da ɗumi, Hyeran ta yage jakar, ta tsotse masa hanci da bakinta, ta murza shi da tawul, ta hura, ta murza, har hannunta ya ƙage, bai numfasa ba. Baban ne ya dafa mata kafaɗa ya karɓe shi.

Akwatin ƙanƙara na nan a bakin rumfa inda ta ajiye shi jiya. Ga ruwan mahaifa, ga mabiyiya har huɗu, abin da ta tsallako teku dominsa, suna malala a kan tabarma. Ko murfin ba ta ɗaga ba.

Ta biyar ta daɗe. Sai da Hyeran ta sa yatsu biyu ta kamo ƙafafun baya ta jawo a hankali tare da nishin uwar. 'Yar ƙarama ce, ba ta cika tafin hannu ba, ta yi laƙwas. Hyeran ta murza ta ba don tana sa rai ba, hannun ne kawai ya ƙi tsayawa. Can sai bakin ya buɗe. Wani ɗan sauti ya fito kamar ƙarar ƙofa. Ta juya ta ta duba.

"Mace ce, Baba."

Tsohon ya leƙo ya duba. Ya tashi da saurin da ba ta san yana da shi ba, ya shiga madafa, ya dawo da roba cike da ruwan ɗumi da kuma kofi. Kafin ta ankara ya karɓe kwikwiyar daga hannunta ya rungume a ƙirji, ya ja da baya daga bakin rumfar.

"Baba, kawo ta, nono za ta kama."

"Ba za ta sha ba."

"Kamar yaya?"

"Jikin uwar duk su ne. Sun kashe huɗu a ciki, in bar wannan ta tsotsa? Na tafasa ruwa, zan wanke ta tas. Ga madara na ɗumama." Ya nuna kofin da haɓa. Madarar ta yi rawaya-rawaya. "Ɗan kaɗan na sa, daidai ita. Wannan tun yau za a fara, ba za a makara ba."

Hyeran ta dubi kofin, ta dubi ɗan abin da ke motsi a tafin hannunsa. Ta san nonon uwar ma akwai sauran magani a ciki, amma ta san kwikwiyon da bai sha dakashi a ranar farko ba, mai wannan ƙanƙanta, ba ya ganin mako. Ta kuma san cewa gobe ko jibi za ta hau jirgi, ta bar shi da kwikwiyo da rabin buhu a maƙwabta. Jiya ta yi shiru don ta tsare shi. Yau in ta yi shiru, da hannunsa zai ƙarasa ta biyar, yana yi yana lallashinta.

"Baba. Ba bakteriya ba ce ta kashe su."

"To mene ne?"

"Maganin ne."

Ya tsaya yana kallon bakinta.

"A bikin girbi na duba su, kai ma ka gani, su biyar lafiyarsu ƙalau. Abin da na samu a jikinta kowace karya mai ciki na da shi, wataƙila ma da shi 'ya'yan ke fara sabawa da duniya. Ba ciwo ba ne. Ba ta da ciwon komai. Garin maganin nan ne ya ci hantarta, su kuma..." Ta dubi huɗun da ke jere a kan rigar. "Wancan karon ban yi daidai ba. Wannan karon gaskiya na faɗa maka. Ka ba ni ita."

Iska na ta kaɗa rufin rumfar da ya gyara da rani. Ta jira ya yi musu, ko ya zage ta, ko ya ce Chilseong ne. Ta so ƙwarai ya ce Chilseong ne. Bai ce ba. Ya sunkuyar da kai ya dubi hannuwansa, ya dubi Dallae, wadda ta ɗago kai tana neman inda kukan ke fitowa, ta kuma buga masa wutsiya da ta ga yana kallonta.

"Tana ƙi," in ji shi a hankali. "Tana kawar da kai. Ni nake buɗe bakin."

Ya miƙo kwikwiyar da hannu biyu, kamar yadda ake miƙa wa babba abu. Hyeran ta karɓa ta shiga rumfar da rarrafe, ta matso ɗigon nono, ta goga a bakin 'yar. Ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Uwar ta miƙo wuya ta hau lasarta, daga kai har wutsiya, da harshen nan da tsohon ya so ya tsare ta daga gare shi. Hyeran ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a durƙushe ba. Ta dai ji ƙarar shebur a bayan gida wajen gindin kanya, baban na binne huɗun, ta ji ya daina.

Da ta ɗago, yana tsaye a bakin rumfar ya sauko da igiyar nan daga ƙusa. Shi ya tufka ta da kansa tun kafin ta zo, tufkar hagu kamar yadda ake yi, ya soke gawayi a jikinta. A da kowane gida da aka haihu sai an ɗaura irinta a ƙofa. Mutanen gida na shiga su fita, amma baƙo ba ya tsallakawa, haka wanda ya dawo daga jana'iza, haka wanda ya kashe wani abu mai rai. Yanzu an daina yi wa mutane ma, asibiti ake haihuwa. Maman Hyeran ce kaɗai ta riƙe abin, ta ɗaura wa 'yarta, ta ɗaura wa saniya, ta ɗaura wa Dallae a kowace haihuwa, ana yi mata dariya tana cewa a yi.

Ya ɗaura bakin igiyar a ginshiƙin dama, ya ja ta zuwa na hagu ya ƙulle. Daga waje ya ƙulle. Sannan ya kifa bokiti a tsakar gida ya zauna.

A daidai nan kwikwiyar ta kama nono. Hyeran ta ji jan a yatsunta, ɗan rauni-rauni, amma ja ne.

"Baba, ta kama! Zo ka gani."

"Ina gani daga nan."

"Daga nan me za ka gani? Shigo mana."

Ya girgiza kai. Ya tashi ya shiga madafa, ya dawo da busasshen kifi guda da damin ganyen teku, ya tsaya a bakin igiyar ya miƙo mata ta sama.

"Ke ki dafa mata in ta iya ci. Akwai sabuwar tukunya a saman kabad, ta mamanki, ba a taɓa ɗora ta ba. Kada ki yi amfani da tawa."

"Baba, gidanka ne. Karyarka ce."

"Za ta rayu?"

Bai faɗi wacce ba, uwar ko 'yar. Hyeran ta dubi dasashin Dallae, ta dubi ɗan cikin da ke hawa yana sauka a jikin nono. A duk rayuwarta ba ta taɓa son ta ce ba komai kamar yau ba.

"Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, kamar wannan ce amsar da ya fi yarda da ita. Ya koma kan bokitinsa. Yayyafi ya fara sauka tare da iskar, yana jiƙa masa furfura, ta ce ya koma baranda bai motsa ba. Dallae ta juyo da kai tana nemansa, ta yi ɗan kukan da take yi in tana son a shafa mata kunne. Igiyar ba ta wuce gwiwarsa ba, ko yaro mai tatata zai tsallake ta. Ya ɗora hannuwansa biyu a cinya ya danne su, yana kallon karyar ta saman gawayin.